Ruwan da Aka Buɗe wa Ba Modu

Har gobe ranar Juma'ar nan ba ta bar zuciyata ba. Lokacin ina babbar nas a sashen kulawa ta musamman, bazara ta kankama. Aka kawo mana Ba Modu, tsohon manomin shinkafa daga Zabarmari, zuciyarsa ta gaji.

Ku sababbin ma'aikatan jinya da kuka zo kwanan nan, ku riƙe wannan. Aikin zuciya shi ne ta karɓi jini ta tura shi gaba. Idan ta yi rauni ba ta iya tura duk abin da ya komo mata, sai ragowar ya taru a huhu. Mai irin wannan ciwo ko awon jininsa ya sauka, ba a cika masa ruwa. Shi ya sa likita ya ce a sa masa ƙarin ruwa ɗigo-ɗigo. Na saita da hannuna, don injinanmu na saita gudun ruwa duk suna kan wasu majinyata.

Bayan masallaci sai ga ɗansa Alhaji Bukar, dillalin shanu, tare da wani babba a asibitin. Dokarmu ita ce ɗan'uwa ba ya zama shi kaɗai da majinyaci. Na faɗa. Ogan ya ce, "Haba Sista, mutumina ne. Bar shi ya yi wa mahaifinsa addu'a."

Alhaji ya dubi robar ruwan ya ce, "Sista, ruwan nan rowarsa kuke yi?" Na yi masa bayani dalla-dalla, ya gyaɗa kai. Kun san mutanenmu, in ruwa bai gudu ba gani suke ba a yi magani ba.

Oga ya wuce, ni kuma aka kira ni gado na gaba, na bar Alhaji shi kaɗai da tsohon. Da na dawo robar ta kusa ƙarewa, tsoho na haki, kumfa a bakinsa. Na rufe ruwan, na ɗaga kan gadon, na ƙara masa iskar oksijin, likita ya ba da allurar fitar da ruwa. Muka yi iya yinmu. Ranar Lahadi ya cika.

Ogan nan ko leƙowa bai yi ba. Shi ne har yau nake jin haushinsa, don ya san dalilin dokar, ya take ta saboda ido.

Saboda haka komai girman wanda ya ce ku kauce daga bakin gado, kar ku kauce. Da muka je ta'aziyya Alhaji Bukar yana hawaye ya ce mini, "Sista, alhamdu lillahi. Ko ba komai na samu na ba shi ruwa ya ƙoshi kafin ya tafi."