Malam Idi Tafinta da Kalmar da Ta Ɓata Sunan Babana

Ina kasuwar Filinge ran Lahadi ƙanena ya bugo waya: Malam Idi Tafinta ya rasu a Tabla. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye kwandona na zauna a ƙasa.

Shi ne tafintan gidan shari'a a zamanin soja. Ban san shi ba sai da na fara bin tarihin gidanmu, na samo hukuncin da aka yanke kan babana. Kalma guda ta Faransanci aka liƙa masa: absent. Mu 'yan lakol, wato makarantar boko, mun san ta. Ita ake faɗa wa yaron da ya ƙi zuwa aji. Dangi ma haka suka karanta mana: ya gudu ya bar mata da 'ya'ya. Da wannan na girma, ina jin kunyar sunansa.

Na je wa Malam Idi a fusace. Sai da ya sa aka dama mini fura, sannan ya sa tabarau.

"Ɗiyata, mi kika karanta?"

"Baba, matsoraci na karanta."

"Faransancin aji kika karanta. A bakin alƙali, absent shi ne wanda ba a san ko yana raye ko ya mutu ba. Wanda ya yar da iyali, sunansa daban."

Na ce to me ya hana a rubuta disparu, wanda ya ɓace cikin haɗari? Sai ya ce:

"Da an rubuta haka, sai an faɗi motar hukuma da ta ɗauke shi. Lokacin nan wa ke faɗi?"

Har yau ina fushi. Da masu motar, da kawunnan da suka gwammace a ce ɗan'uwansu ya tsere, don wannan ya fi sauƙin faɗi a zaure. Malam Idi bai taɓa ce mini in huce ba. Yakan ce, "Yi fushinki, amma ki san kalmar tukuna." Shi ya je har gida ya bayyana wa innata da Hausa. Ran nan ta ambaci sunan mijinta a gabanmu, karo na farko.

Allah Ya jiƙan Malam Idi, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Shi dai mun san inda ya kwanta. Ya Allah, Kai da babu wanda ya ɓace Maka, Ka haɗa shi da babana a Aljanna.