Direban da ke dakon kaya tsakanin taurari

Ina shiga siber ɗin Zongo, shagon intanet, na yi tuntuɓe da sandar dogarawa, hulata ta riga ni isa ƙasa. Mai sandar ko waiwaye bai yi ba.

Dattijo ne, ƙafar wandonsa guda a naɗe take a gwiwa. Hannunsa na hagu ya fi na dama duhu, irin na wanda ya shekara ashirin yana tuƙa kamiyo, babbar motar kaya, da hannu a taga. Yanzu jirgin kaya yake tuƙawa tsakanin taurari, a wasan ordinata, wato kwamfuta. Kafin ya tashi sai ya karanta addu'ar matafiyi, ya bugi tebur sau biyu kamar jikin mota.

Mai siber ya raɗa mini cewa an yi wa wasan ƙari, sabbin duniyoyi da hanyoyi, amma tsofaffin injinan nan ba sa ɗauka, kuma ƙarshen wata za a rufe tsohon. Raina ya ɓaci, na juya wajen dattijon, sai bakina ya riga ni.

"Haba maigida, wasan yara fa!"

Idonsa na kan hanya dattijon ya ce, "Kai da ƙafa biyu ka kasa tsallake sanda. Matsa, wannan ce hanyar da ta rage mini."