Silin Igiyar Ƙarfe Ya Ci Min Hannun Dama

Salamu alaikum. Wata biyar ke nan ban ce uffan a nan ba. Waɗanda suka yi ta nemana ba su same ni ba, ku yi haƙuri.

Kun san sana'ata. Ina da injin jan dutse mai shan fetur, na hannu na saye shi a Jega, ina fidda wa manoma manyan duwatsu daga gona. Igiyar ƙarfensa ta tsufa, ta fara tsinkewa sili-sili. Kowace safiya da tafin hannu muke bin ta, inda ta karce ka nan ta lalace. Ba ma sa safar hannu, wai tana hana mutum ji.

A wata gonar albasa a Mungadi sili ɗaya ya shige min tafin dama. Na zare shi da filaya, na zuba fetur, na shafa baƙin mai kamar yadda duk masu inji ke yi, na ɗaure da tsumma na koma aiki.

Kwana huɗu hannu ya kumbura. Kwana bakwai ya fara wari, zazzaɓi ya kwantar da ni.

Matata Rabi ta ce, "Malam, wanga ciwo ya hi ƙarhin baƙin mai. Tashi mu tahi asibiti."

Na ce gobe. Goben nan sai da ta ci kwana uku, don taurin kaina.

A asibiti aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton hannun. Ashe ina da ciwon suga ban sani ba. Likita ya tambaye ni da me na wanke ciwon. Da na faɗa masa, sai ya sa aka ba ni gado.

Kowace safiya a kwance bandeji, a yanke ruɓaɓɓen nama, a ƙara ruwa da allurai. Tumakin Rabi duk suka tafi a magani. Aka cire yatsu biyu, ruɓar ba ta tsaya ba.

Na roƙi likita ya bar min ko babban yatsa da manuni, in riƙa tayar da inji. Ya ce, "Malam, yanzu ranka muke nema."

Na ji tsoro, na yi kuka a gaban matata. Aka yanke daga wuyan hannu.

An ce na warke. Wurin ya rufe, suga ya sauka. Amma aikin nan hannu biyu yake so, ɗaya a birki, ɗaya a igiya. Injin yana zaure a rufe da buhu. Ban san abin da zan ciyar da gidana da shi ba, kuma ba zan yi muku ƙaryar ƙarfin hali ba.

Na gode wa Allah, da ma'aikatan jinya, da 'yan'uwan da suka zo daga Aliero suka ba da jini. Rabi kuwa, Allah kaɗai zai biya ta.

Masu inji, ku saurare ni. Ku duba igiya da tsumma, zai maƙale inda ta tsinke. In ta fara sili, ku canza ta. Fetur da baƙin mai na inji ne, ba na ciwo ba. Ƙarfe ya soke ku, ku wanke da ruwa da sabulu, ku tafi asibiti ranar. Ku gwada suga.

Jiya bayan La'asar liman ya sa a yi min addu'a. Kowa ya ɗaga hannuwa, ni ma na ɗaga. Sai na ga abin da na ɗaga, na mayar da shi cikin riga.