Ranar da Inna Ta Lulluɓe Kwamfutata

Shekarun baya, lokacin ina haɗa shirin manoma a wani gidan rediyo, aka tura ni kwas Kaduna ana tsakiyar damina. Duk hirarrakin da na naɗa da manoman auduga da masara suna cikin babbar kwamfutata a gidanmu na Malumfashi. Kafin in tafi, abokina ya saka mata manhajar da zan riƙa shiga cikinta ta intanet daga ko'ina, muddin tana kunne. Na jona ta da sola, na roƙi mahaifiyata kada a kashe.

Abin ya yi aiki. Ina zaune a Kaduna, allon gida ya bayyana a gabana. Daga baya na ji cewa da hantsi Inna kan shiga ɗakina da faifan wakenta, tana tsinta tana kallon 'yar kibiyar nan tana yawo ita kaɗai a kan allon, ta ce wa maƙwabta na fito aiki.

Wata Laraba, shirina zai fita bayan la'asar, ina cikin jawo muryoyin sai komai ya ɗauke. Na kira ta. Ta ce hadari ya haɗo daga wajen Gozaki, ana walƙiya, don haka ta rufe madubin ɗakinta da zane kamar yadda aka saba, ta zare filogin nawa madubin, shi ma ta lulluɓe shi. Na gyara murya kamar zan karanta labarai, na yi ta bayanin cewa allo ba madubi ba ne, kuma in shirin bai fita ba, ni da shugabana ne.

Ta bari na gama, sannan ta ce, "Ba kai ka ce kana shigowa ciki ba? To ba zan bar ka a ciki ana tsawa ba. Ka jira ruwa ya wuce."

Ba ta kashe wayar ba, ni ma ban kashe ba. Ina jin iska tana buga ƙyaure, awaki suna rige-rigen shiga rumfa, sannan ruwa ya sauka a kan kwanon gidanmu. Na lumshe ido, har kamar ina shaƙar ƙanshin ƙasar tsakar gida. La'asar ta wuce, aka maimaita tsohon shiri, washegari na sha faɗa.

Tun daga lokacin na koya wa mutane da dama yadda shiga kwamfuta daga nesa take: saƙonni ne ke kai da komo, babu wanda ke cikin komai. Inna kaɗai ban taɓa yi wa wannan bayanin ba, kuma ba ni da niyya.