Shu'aibu Mai Kife Jirgi

Duk wanda ya saba zuwa bakin tabkin Madarumfa da hantsi ya san shi. Dogo ne, baƙi, da wando naɗe har gwiwa, yana bin kwalekwale ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasa cikinsu da ƙotar wuƙa. Inda katako ya amsa da ƙarar da bai yarda da ita ba, sai ya ɗauke filafilin ya saɓa a kafaɗa ya yi gaba. A bi shi da magiya, a bi shi da zagi, duk ɗaya ne wurinsa. Malam Shu'aibu ke nan, wanda bana zai ajiye aiki don gwiwoyi sun ƙi, kuma wallahi ban ji ana shirya masa ko rabon goro ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Masunci ne da farko, ba ruwansa da biro, wato ofishin hukuma. Wata sallah ce, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, wani saurayi ya cika jirgi da 'yan mata da kwalliyarsu don yawon buɗe ido. Jirgi ya kife a tsakiya. Saurayin gwanin iyo ne, ya fito abinsa, ya bar su. Shu'aibu ne ya yi ta nutso yana tsamo gawawwakinsu, yana jera su a bakin ruwa, lallen sallah ja wur a hannuwansu. Waɗanda suka gani sun ce tun daga ranar ba a sake jin dariyarsa da ƙarfi ba.

Bayan haka hukuma ta kafa doka: ba mai ɗaukar mutane yawo a tabki sai da izini, kuma izinin a hannun Shu'aibu yake. Ba takarda yake bayarwa ba, tambari yake yi wa goshin jirgi da ƙarfe mai zafi, wanda kowa zai gani daga nesa. Wanda ya ɗauki mutum ba tambari, a ɗaure jirginsa da sarƙa a gindin gawo, in ya yi taurin kai a kira jandarma.

Jarrabawarsa ce ta jawo masa baƙin jini. Yana da wani kututturen kirya mai nauyin yaro ɗan shekara goma, ya sa masa tsohuwar riga, ya ɗaura masa doguwar igiya da gora don kada ya ɓace a ruwa. Yara suka laƙaba masa suna Ɗan Baba. Mai neman izini zai ɗauko Shu'aibu da Ɗan Baba, ana tafe ana hira, sai dai kawai ya ji an kife jirgi. Wanda ya nutsa ya fito da Ɗan Baba, ya ci. Wanda ya nufi gaɓa hannu wofi, ko da ya fi kifi iya ruwa, sai Shu'aibu ya ce masa, "Ka iya ruwa, amma kanka kaɗai ka iya wa. Je ka sake shiri."

Kai ne, Malam Shu'aibu, ka kayar da ɗan mai unguwa. Kai ne ka mayar da wani babban alhaji daga Maradi da jirginsa mai inji a bayan kamiyo, babbar motar kaya, jirgin ko jiƙewa bai yi ba. Wannan duk da sauƙi, don baƙi ne. Mai wuyar tana cikin gida.

Hamisu ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ba wanda ya fi shi tuƙi a tabkin nan. Sai dai da ruwa ya rufe kansa, sai tsoro ya kama shi, ba ya ganin komai sai gaɓa. Ya gwada ya faɗi, ya sake ya faɗi, ana ta yi masa tsiya, shi ma yana dariya, don a lokacin yana da gona.

Sai farin shekarar saba'in da uku ya zo. Gero ya ƙone a tsaye tun daga Safo har Sarkin Yamma. Tabki ya ja baya, kifi ya yi wuya, kututtura suka matso kusa da fuskar ruwa suna jiran cikin jirgi. Abin da ya rage wa mai kwalekwale shi ne baƙin sallah daga Maradi, waɗanda yunwa ba ta shiga gidajensu ba. Hamisu na da mata, Balaraba, da 'ya'ya uku, rumbunsa kuwa fayau.

Ya zo jarrabawa ana gobe jajibere, rabin gari na kallo. Aka kife jirgi. Ya nutsa, har ya kama rigar Ɗan Baba, an ga haka. Sai ya saki.

A bakin ruwa ya durƙusa, yana tari. "Yaya, itace ne fa. Itace! Don itace za ka hana 'ya'yana ci?"

"Da ɗan wani ne, da haka za ka sake shi," in ji Shu'aibu. "Zo gida mu raba abin da ke rumbuna."

"Ban zo bara ba. Tambari na zo nema."

Ranar sallah Hamisu ya ɗauki mutane ba izini, mata da yara cike da jirgi. Shu'aibu ya shiga ruwa har ƙirji ya jawo jirgin, ya sauke su, ya ɗaure shi a gindin gawo da hannunsa. Mahaifiyarsu, Inna Delu, ta taho da sanda tana dogarawa. Shi ɗan farinta ne, tun da ta haife shi ba ta taɓa faɗin sunansa ba saboda kunya. Ran nan ta faɗa, a gaban jama'a. "Shu'aibu, kwance masa." Ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga daga gemunsa, ya ce, "Inna, ki gafarce ni." Bai kwance ba.

Hamisu ya ƙi karɓar ko tiya ɗaya ta gero. Ya kwashi iyalinsa ya tsallaka Nijeriya, ya sauka Jibiya yana sayar da ruwa a tasha. Ƙaramar 'yarsu Zainabu ba ta ga damina ta gaba ba. Inna Delu ta rasu bayan shekara biyu, kuma Mariama, matar Shu'aibu, ta shaida mini cewa har tsohuwar ta cika ba ta sake cin tuwon gidansu ba.

Ni dai abin nan yana ci mini rai. Tun da wannan bawan Allah ya karɓi aiki ba a sake jera gawa a bakin tabki ranar sallah ba. Amma wanda bai nutse ba bai san an cece shi ba, ya yi yawonsa ya koma gida ya ci naman sallah, har yana cewa tsohon nan ya cika tsanani. 'Yan matan da ya sauke daga jirgin Hamisu yau suna goye da 'ya'yansu. Shu'aibu kuwa, duk direban da ya fito daga Jibiya sai ya tare shi ya tambayi lafiyar ƙanensa. Amsa ɗaya ake kawo masa: Hamisu ya ce ba shi da wa a Madarumfa.

Sannu, Malam Shu'aibu, ƙi-gudu na bakin ruwa. Mun gode, ko da godiyar ta makara. Allah ya saka maka, ya sanyaya maka zuciya. Kai kuma da za a miƙa wa ƙarfen tambarin nan, ka sani ba baƙo ne zai fi gwada ka ba, naka ne zai durƙusa a gabanka, kuma gaskiya zai faɗa cewa yana jin yunwa. In ba za ka iya tsayawa yadda wannan ya tsaya ba, kada ka karɓa.

Sauranmu kuwa, masu zirga-zirga a kan iyaka, roƙo ɗaya nake yi. In hanya ta kai ku tashar Jibiya, ku nemi Hamisu mai ruwa. Kada ku yi masa wa'azi, ya binne 'ya. Ku dai ce masa Yayansa ya tsufa.