Kujerar da Malam Lawal ke bari ba kowa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam Lawal ya rasu.

Da safen nan ina tsaye a gidan burodinmu na Kawo, ana loda wa masu keke, 'yarsa Sadiya ta kira ni. Na ɗauka saƙo ya ba ta a kan mitin ɗinmu na yau. Sai na ji ta ce: "Anti Rakiya, Baba ya cika." Ya dawo daga sallar asuba ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, kafin a fito da mota Allah ya karɓi abinsa.



Ga waɗanda ba su san shi ba, tsohon ma'aikacin wani kamfanin dillancin hannun jari ne. Da ya yi ritaya sai ya riƙa tara mu ƙananan 'yan kasuwa duk Asabar a wani ajin firamare a Unguwar Kanawa, yana koya mana harkar jari da kasada. Ba ya karɓar ko sisi. Mu manya da mu, mu matsu a bencin yara, gwiwa na dukan tebur, shi ko a jikinsa.

Ni ya sa wa suna Shugabar Kamfani. Da ya hango ni sai ya ce, "A ba Shugabar Kamfani hanya, ta zo da ƙamshin fulawa." Na kai masa burodi kyauta ya fi a ƙirga, bai taɓa yarda ba. Sai ya biya, har ya tsaya jiran canji don ya ja ni da tsiya.

Wata rana na je masa da rawar jiki, na ce zan sayi hannun jarin wani kamfani, don kowa a guruf ɗinmu na saye kuma farashi sai hawa yake.

Ya ce, "To madalla. Me kamfanin ke sayarwa?"

Wallahi ban sani ba.

Ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Rakiya, hannun jari yanki ne na shagon wani. Za ki shiga tarayya da mutum ba ki leƙa shagonsa ba? Ki fara tambaya me yake samu, me zai samu baɗi, sannan ki ga ko kuɗin da ake nema ya dace." Ban saya ba, kuma ban yi nadama ba.

Amma abin da duk ɗalibinsa zai tuna shi ne kujera. In za a tattauna ko a ci bashi ko a nemi abokin jari, sai ya jawo kujerar roba ya ajiye a gefe, ya hana kowa zama. Ya ce ta mutumin da ba ya ɗakin ce, amma in abu ya lalace shi zai sha. Mai gadi ne, ko mata ce, ko marayun da aka juya dukiyarsu. Sai mun faɗi sunan mai kujerar kafin ya bari a yi maganar riba.

Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce shekarar da kasuwar hannun jari ta rushe, mutane da yawa da bashi suka saya. Wata mata ta zo ofishinsu da goyo, ta zauna a gabansa tana tambaya wai da gaske ne gidan da take ciki na banki ne yanzu. Mijinta ya jinginar, ba ta sani ba. Ya ce, "Duk lissafin da muka yi, ba inda sunanta ya fito."

Ban zaci kujerar nan za ta biyo ni har gida ba.

Gidan burodin na mahaifinmu ne, Allah ya ji ƙansa. Ni ke gudanarwa, Yaya Kabiru kuma shi ne babba, takardu na hannunsa. Tanderun itacen da Baba ya bari ya gaji, muna buƙatar injin gashi mai gas, in ba haka ba kwastomomi za su ci gaba da guduwa. Hanya biyu ce a gabanmu. Banki zai ba mu bashi, irin wanda ba kuɗin ruwa a ciki, amma sai an ajiye takardar gidan gadonmu na Unguwar Kanawa, inda Inna, mahaifiyarmu, ke zaune. Ko kuma mu sayar wa wata Hajiya mai dillancin fulawa a Unguwar Rimi kashi ɗaya cikin huɗu na kasuwancin.

Yaya ya ce sam. "A ce 'ya'yan Alhaji sun fara yanka gadon ubansu suna sayarwa? Da wane ido zan shiga masallacin unguwa?" Ya ce banki za a biya shi a rabu lafiya, abokin tarayya kuwa ya shigo ke nan. Kuma ba ƙarya ya yi ba. Da na ce Inna fa, sai ya ce kada a tayar mata da hawan jini, ai ba ta taɓa ƙin dangwala yatsa a takardar da ya kai mata ba.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na tsaya bayan aji na zayyana wa Malam komai. Ganina da shi na ƙarshe ke nan. Yana goge allo, alli duk ya ɓata masa hannun riga.

Ya ce, "Bashin ya fi araha in kasuwa ta yi kyau, gaskiyar Kabiru ce. Amma banki bai san fulawa ta yi tsada ba, wata na ƙarewa zai miƙo hannu. Hajiya kuwa in kun samu ta samu, in kun rasa ta rasa tare da ku. Shi ya sa kuɗinta ya fi tsada."

Na ce, "To Malam, wanne zan zaɓa?"

Ya harare ni ta saman tabarau. "Ni kike so in zaɓa, gidan nawa ne? Wa ke kan kujera?"

Na ce Inna.

"To wannan karon mai kujerar na da rai, tana da ƙafa, keke ɗaya ne tsakaninku. Kada ki bar ta ba kowa. Ki kawo ta ta zauna."

Na ce Yaya ba zai ji daɗi ba, kuma ni ƙanwa ce. Ya ce zai zo mitin ɗin da kansa ya tsaya mini, Kabiru na jin kunyarsa. Yau bayan la'asar aka sa.

Yau ɗin kuma aka kai shi makwancinsa bayan azahar.

Da na fito daga gidan makoki ban iya komawa aiki ba, gidan Inna na wuce. Tana tsince shinkafa a tsakar gida. Ta dube ni ta ce, "Ke kuwa wannan kuka haka, malamin nan me ya bar miki?" Sai na durƙusa na gaya mata duka, injin da bankin da Hajiyar da takardar gida.

Ta ɗaga kai ta kalli ɗakin Baba.

"Wannan gidan?"

Na ce eh, Inna.

Ta ture farantin gefe. Ta ce, "Kira mini Kabiru. Ki ce bayan sadakar uku a yi zaman a nan, a kuma kira Hajiyar in ga fuskarta. Ina so in ji da kunnena."

Na kira shi a gabanta. Da ya ji saƙon sai ya ce, "To, Inna."

Jama'a, ban san me za ta yanke ba. Wataƙila ma ta ce a kai takardar banki, don Inna ba matsoraciya ba ce. Malam bai taɓa hana mu ɗaukar kasada ba. Cewa yake wanda za ta faɗa wa a ka ya san da ita tun kafin a sa hannu. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye muku ba, kuma ina kewarsa ƙwarai.

Malam, ba ka zo mitin ɗin ba, amma Inna za ta zauna a kujerarta.

Ya Allah ka gafarta wa bawanka Lawal, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa abin da ya koya mana ya zama sadaka mai gudana a gare shi. Ka ba Sadiya da mahaifiyarta da 'yan uwanta haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta wannan ya tsaya ya yi masa addu'a, ko da bai san shi ba. Mu ma ku sa mu a ciki, Allah ya zaɓa wa Inna abin da ya fi alheri.