Kafintan da Ya Ce "Yawwa"

Muryarsa na fara ji kafin in ga fuskarsa. Ina gidan wata Baturiya malamarmu a unguwar Irving Park, can ƙasar waje, ana gyaran kicin, sai ga Hausa tana fitowa daga wata kusurwa, ƙasa-ƙasa, da karin Katsinawa.

"Haba Hajiya, matsa mani kaɗan mana. Ke kin cinye wuri, ni ina zan sa gwiwa?"

Da tukunyar ɗumama gida yake magana. Kafinta ne, dogo siriri, yana tsugune a matse tsakaninta da bango, yana kewaye ta da kabad. Katako ya riga ya rufe gefe uku. Fensir a bayan kunne, zufa a goshi, rigar sanyinsa mai tambarin jami'a ta koɗe.

Na ce, "Sannu da aiki, Malam."

"Yawwa, sannu ka…"

Guduma ta tsaya a sama. Ya dube ni, sannan ya ce da Turanci, a hankali, wai bai gane abin da na faɗa ba.

Ina jin karatu ne ya kawo shi, karatun ya tsaya a hanya. Wataƙila akwai wata tsohuwa a Katsina da ke gaya wa maƙwabta ɗanta ya kusa zama injiniya. Ni kuwa mai komawa gida ne, kuma da bakina.

Ya jawo ƙyauren kabad ɗin kamar mai gwada shi, ya rufe kansa a ciki.

Malamar ta leƙo da fara'a. "Au, kun san juna ne?"

A cikin kabad babu ko motsi.

Na ce mata, "A'a. Na ɗauka wani ne."